Yarinyar da Ba a Yaba Ba

Shekarar da na gama karatun kwamfuta na dawo gida Kankia, damina ta yi kyau. Gero ya tashi har ya rufe hanyoyin bayan gari, da safe kuma ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kan shigo har ɗaki. Ina jiran a kira ni bautar ƙasa, ba ni da wani aiki sai taya Inna hidimar gida. In na gama, sai in shimfiɗa tabarma a gindin itacen bedi, wato darbejiya, da ke tsakar gidanmu, in buɗe littafi, in bar shi a buɗe ina kallon gajimare.

A nan Kawu ya same ni wata ranar Laraba, ɗauke da kwali a kafaɗa. Kawu ƙanen Inna ne, kuma shi ne magatakardan wata ƙungiya ta 'yan asalin yankinmu, Kankia da Kusada. Duk shekara ƙungiyar kan ɗauki nauyin 'yan mata goma da suka gama ƙaramar sakandare, ta kai su makarantar kwana ta kimiyya. Ga yarinyar da ke cikin gari, rasa gurbin nan ba ƙarshen karatu ba ne. Amma ga wadda ke ƙauyen da babbar sakandare ta yi wa nisa, in ba ta samu ba, galibi karatun ya tsaya ke nan.

"Injiniya," in ji Kawu, don haka yake tsokanata tun ranar da na tafi jami'a, "tashi, hutu ya ƙare."

"Kawu, ni fa ba injiniya ba ce."

"To mi kika karanta shekara huɗu? Kallon sama?"

Ya sauke kwalin a gabana. Cike yake da fom, sun haura ɗari biyu. Ya zauna ya yi mini bayani. Makin jarrabawa ba ya raba musu gardama, saboda kowace makaranta da irin hannunta wajen ba da maki. Don haka a bana suka ce duk yarinyar da ta ci jarrabawa ta shiga takara, sannan malamin ajinta ya rubuta bayani a kanta da Hausa, a wani fili da aka bari a ƙasan fom. Da bayanin za a tantance. Sai dai dattawan kwamiti sun karanta talatin idanunsu suka gaji, kuma har an fara gunaguni a gari, kamar kowace shekara, cewa 'ya'yan wane da wane za a ɗauka.

"Na gaji da a ce mun yi son kai," in ji shi. "An ce na'urar nan taku tana karatu. Ki sa ta karanta, ta jera mana su daga ta ɗaya har ta ƙarshe."

Na ce zan gwada. Gaskiya ma daɗi na ji, don tun ina ƙarama nake son kalmomi. Ina da wani littafi da nake tara waɗanda suka yi mini daɗin faɗa, ba don komai ba sai don in riƙa dubawa.

Manhajar da na rubuta ba ta da wani zurfi. Na yi jerin kalmomin yabo, na ba kowace maki gwargwadon nauyinta. Na yi na kalmomin suka, su kuma su rage. Na koya mata cewa in an ce yarinya ba ta da ƙwazo, kada ta ga ƙwazo ta yi murna. Abin da ya fi cin lokacina shi ne awon kalmomin. Na yi yini guda ina tunanin tsakanin nutsuwa da ladabi wanne ya fi nauyi. Haziƙa na ba ta biyar. Himma huɗu. Na so in ba kunya maki mai yawa, sai na tuna makarantar kimiyya za a je, na bar ta a biyu. Ina zaune a gindin bedi kamar mai awon hatsi a kasuwa, ina ɗora wannan ina sauke waccan, kuma ban taɓa jin aiki ya dace da ni kamar wannan ba.

Shigar da bayanan ya ɗauke ni kwana tara. In caji ya ƙare sai in kai kwamfutar gidan Kawu, inda akwai sola. A kwanakin nan na san rubutun malaman yankinmu kamar na san fuskokinsu. Akwai wani a Kunduru da kowace yarinya a wurinsa tauraruwa ce. Akwai wata a Rimaye da ba ta son manyan kalmomi, sai dai ta faɗi abin da ta gani: wance tana share aji ba a sa ta ba, wance ta ara wa ƙawarta biro ranar jarrabawa.

Ranar da na gama, Kawu ya zo ya tsaya a bayana. Na danna. Kafin ya gyara hularsa sunaye sun jeru, kowane da makinsa a gefe.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kawu."

Ya sunkuya ya karanta goman farko yana bin su da yatsa. Babu ko ɗaya da ya san gidansu. Ya miƙe yana dariya.

"Alhamdu lillahi! Wanga abu ba shi da ɗiya, ba shi da ƙanwa, ba shi da suruki. Ranar Asabar kwamiti zai zauna, Litinin mu liƙa. Duk mai magana ya zo ya yi da na'ura."

Bayan ya tafi, ban rufe kwamfutar ba. Ni dai haka nake, ko a makaranta in an kafe sakamako ƙasan takarda nake fara dubawa, in ji tausayin waɗanda ke can. Na gangara har ƙarshen jerin. Ta ƙarshe makinta sifili ne. Ko waɗanda aka ce suna da surutu ko yawan makara, malamansu sun haɗa musu da ɗan yabo, sun tsira da uku ko huɗu. Ita kaɗai ce ba ta da komai.

Na tona kwalin na ciro fom ɗinta. Daga wata makaranta ce a wani ƙauye bayan Yashe. A filin da aka bari, mai ɗaukar rabin shafi, layi ɗaya ne kawai: "Tana zuwa aji. Allah ya kiyaye ta." Na tuna na shigar da shi a rana ta shida, na gaji, ban tsaya ba.

Fom takwas ne suka zo daga makarantar, duk malama ɗaya ta cika su. Na baje su a tabarma. Bakwai sun cika har rubutu ya gangara gefen takarda. Malamar ta iya yabo, tana ambaton sunan kowace yarinya sau biyu sau uku, kamar tana shafa kanta. Biyu daga cikinsu ma suna cikin ashirin na farko. Na takwas kuwa ga shi fayau. Da na duba makin jarrabawa, sai na ga ita ce ta fi sauran bakwai ɗin, da nisa.

Raina ya ɓaci. Inna tana kusa da ni a kan kujera 'yar tsugune, tana tsinke zogale a faranti. Ba da ita nake ba, amma a fili na yi maganar.

"Wannan ai zalunci ne. Me yarinyar nan ta yi mata? Kowa an yabe shi, ita an ƙi ko da kalma ɗaya."

Inna ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Malamar mace ce?"

"Mace ce."

"Sauran ta kira sunansu?"

"Ta kira. Wannan ce kaɗai ba ta kira ba." Na sake duba saman fom ɗin. "Kai, sunan ma da ke sama ba rubutunta ba ne. Wani ta ba ya rubuta."

Inna ta kakkaɓe zanenta, ta ɗauki farantin ta nufi madafa. Sai da ta shiga, ta juya mini baya tana gyara itace a murhu, sannan na ji muryarta.

"Ke da karatunki. Ɗiyarta ce ta fari."

Na daɗe zaune da takardar a hannuna. Ni ce 'yar farin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce "ke", in tana magana da wani a kaina sai ta ce "waccan". Ƙannena tana kiran su, tana yi musu faɗa, tana ba da labarin ƙoƙarinsu a gidan biki. Ni kuwa ranar da na dawo da takardar shaidar gama jami'a na ajiye a gabanta, kallo ɗaya ta yi mata ta ce, "An gama?" Na ce an gama. Ta ce, "To." Washegari aka tashi da dambun zogale, abin da na fi so a duniya, ta zuba a kwano ta ce wa ƙanwata, "Kai ma waccan." Ban taɓa jin haushin wannan ba, don a cikinsa na tashi. A wurinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, wata ma ko ɗaukarsa ba ta yi in da idon jama'a. Na san wannan kamar yadda na san hanyar gidanmu. Amma na yi kwanaki ina awon kalmomi, bai taɓa zo mini a rai ba ko sau ɗaya.

Da la'asar na je gidan Kawu da fom ɗin. Ya karanta, ya juya bayansa ko akwai ci gaba, ya miƙo mini.

"Wa ya ce maki ɗiyarta ce?"

"Inna."

"Yaya ta san su?"

"Ba ta san su ba."

Ya shafa gemu. Sannan ya ce, "Injiniya, in muka sa hannu a jerin nan, mun koma gidan jiya. Yau ke ce da fom ɗaya, gobe wane ya zo da nashi. Kuma ɗiyar malama ce fa. Kin san abin da za a ce."

"Na sani, Kawu. Amma in Inna ta yi gaskiya, ba yarinyar ce ta faɗi ba. Ni ce na yi awo da mudun da bai dace ba."

"In kuma ba ɗiyarta ba ce? In rashin kunya ta yi ma malamar?"

"Sai mu bar ta inda take."

Ya ce gobe Alhamis dama zai je Kusada gaisuwa, sai mu ratsa.

Mun tashi da hantsi a tsohuwar motarsa. An yi ruwa da asuba, kwalta tana sheƙi, gonaki hagu da dama kore shar, gyaɗa ta baje ƙasa tana fure. A Yashe muka saki kwalta muka bi wata hanyar burji, motar tana tangaɗi a cikin taɓo, Kawu yana yi mata magana kamar jaki. Makarantu suna hutu, don haka gidan malamar aka nuna mana. Kawu ya tsaya a zaure wurin mai gidan, ni na yi sallama na shiga.

Mata biyu na tarar a tsakar gida. Wata tsohuwa tana zaune a inuwar rumbu tana kaɗi, ɗayar kuma, mai kimanin shekara arba'in, tana shanya wanki. Ita ce malamar. Muka gaisa, ta shimfiɗa mini tabarma, ta ɗaga murya ba tare da ta kalli kowa ba: "A kawo ruwa." Wata yarinya siririya ta fito daga ɗaki da kwanon sha, ta durƙusa ta ajiye, ta gaishe ni. A gefen yatsanta na tsakiya akwai tabon biro. Malamar ta juya tana gyara zanen da ta riga ta shanya. Tun a nan na san Inna ba ta yi kuskure ba, amma Kawu zai so in ji da kunnena.

Bayan yarinyar ta koma ɗaki na faɗi abin da ya kawo ni, na ciro fom ɗin.

"Malama, don Allah ki yi haƙuri da tambayata. Wannan ɗiyarki ce?"

Ta sa gefen mayafi ta rufe baki, ta kalli ƙasa tana murmushi. Tsohuwar ce ta amsa, ashe kakar yarinyar ce ta wajen uba.

"Ita kika tambaya? Yarinya, kin ɓata yawunki. Wagga ko wuta ta kama zanen ɗiyar nan, sai dai ta ce, jama'a ku duba waccan."

"Kai, Iya," in ji malamar.

"Ƙarya na yi? Shekara sha biyar ina gidan nan, ban ji ta kira sunanta ba. Ni ce dai nike kira, ni da na rasa abin yi." Ta juyo gare ni. "Ku ne masu makarantar kwana? Ku ɗauke ta don Allah in huta. Tuwo in ta tuƙa sai gudaji, hannu guda muciya hannu guda littafi. Rannan lissafin buhunan da gonar ubanta za ta ba da ta yi mashi tun gero bai fidda kai ba. Na ce ke boka ce?"

Daga cikin ɗaki aka ce, "Iya, ai kin cinye tuwon."

"Ji mara kunya! Yunwa ta sa."

Muka yi dariya, har malamar. Sai na ga dama ta samu, na ce, "Malama, sauran bakwai kin yi musu bayani mai kyau. Ita kuwa layi ɗaya."

Ba ni take kallo ba, igiyar shanya take kallo.

"Takardar ta ce malamin aji. Ni ce malamar aji. Na rubuta abin da bakina zai iya."

"Ba ki ji tsoron zai cutar da ita ba?"

"Na zaci mutane za su karanta," in ji ta a hankali. "Duk wanda ya ga bakwai, ya ga wannan, ai zai gane."

Sai na gaya mata gaskiya, cewa ba mutane suka karanta ba, na'ura ce, kuma ni na koya mata karatun. Na gaya mata inda yarinyar ta faɗo a jerin. Murmushin ya bar fuskarta. Ta tashi ta shiga ɗakinta. Na zaci na ɓata mata rai, har na fara tattara takarduna. Sai ga ta ta fito da wani ƙunshi a tsohon zane, ta ajiye a gefen tabarmata.

"Ga wasu takardu nan na yaran gidan nan," ta ce. "Ko za su yi amfani."

Ta koma wurin wankinta.

Na kwance ƙunshin. Littattafan rubutu ne, an jera su bi da bi, tun daga na aji ɗaya na firamare mai manyan baƙaƙe a karkace har zuwa na bana. Duk suna ɗaya ne a bangonsu. Babu wanda gara ta taɓa, babu wanda ya jiƙe. Waɗanda bangonsu ya yage an ɗinke su da zare da allura, ɗinki ƙanana a jere, irin na mai haƙuri. Tsohuwar ta leƙo ta gani, ta ajiye mazarinta.

"Au! Ashe nan suke? Ta ce mani ɓera ya cinye."

Na roƙi aron uku na bana. Malamar, tana matse wani hijabi, ta ce, "Duk yadda kika gani."

A mota na ɗora wa Kawu littattafan a cinya kafin ya tayar. Ya buɗe na lissafi, ya yi ta juyawa. Mai gidan ya riga ya gaya masa a zaure. Ya rufe, ya ce, "Ranar Asabar ke za ki yi bayani. Ni na gama cika baki a gari cewa na'ura ba ta kuskure."

Kwamitin ya zauna a wani aji na makarantar firamare, dattawa bakwai a kan bencin yara, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa. Ban taɓa magana a gaban manya irin haka ba. Na durƙusa na gaishe su, shugaban, wani Alhaji mai farin gemu da ya yi shekaru yana koyarwa, ya ce in tashi in zauna a kujerar malami. Na karanta musu ɗaya daga cikin bakwai ɗin, sannan na karanta na takwas. Ban kai ga bayani ba Alhaji ya ɗaga hannu.

"Ɗiyarta ce?"

"Ita ce, ranka ya daɗe. Ta fari."

Wasu suka yi murmushi, wani ya ce, "Allah sarki." Amma wani dattijo da ke gefen taga, wanda aka sani da rashin ɓoye magana, ya gyara zama.

"To sai mi? Mu ɗauko ta daga ƙasa mu kai sama don uwarta ta ji kunya? Gobe kowane malami ya rubuta layi ɗaya ya ce kunya ce. Mun ce na'ura, a bar na'ura."

"Na'urar ba ta san kunya ba, Malam," in ji Kawu.

"Ai shi ya sa muka ɗauko ta!"

Aka yi dariya, amma maganarsa tana da ƙarfi, kowa ya sani. Aka yi ta ja. Ni dai ina zaune ina kallon allo, inda wani yaro ya bar rabin jadawalin bakwai tun kafin hutu. Daga ƙarshe Alhaji ya ce ba za a ƙara wa kowa maki da hannu ba, kuma ba za a duba littattafan da na kawo ba, tunda sauran yaran ba a duba nasu ba. Laifin na fom ne, da ya ce lalle sai malamin aji. Don haka duk yarinyar da mahaifinta ko mahaifiyarta ne suka cika mata, a mayar wani malamin da ya koyar da ita ya sake rubutawa, ba tare da an gaya masa dalili ba, sannan a sake ba na'ura duka. Dattijon gefen taga ya ce in dai kowa za a yi wa, ya yarda. Aka ɗaga liƙa sunaye da mako guda.

Kawu ya bi shugabannin makarantu da waya. Aka sami ƙarin biyu. Ɗaya uba ne, ya rubuta wa 'yarsa layi biyu. Ɗayar kuwa uwa ce da ta cika shafi da yabo, ɗiyarta ta huɗu ce, ita ma aka sake nata. Na yarinyar bayan Yashe malamin lissafinsu ne ya rubuta. Ba gwanin kalmomi ba ne, rubutunsa kamar tafiyar kaza, amma ya ce haziƙa ce, ya ce in ya makara yakan tarar ta fara yi wa aji bitar darasin jiya.

Na shigar da ukun, na danna. Yarinyar bayan Yashe ta fito ta shida.

Na yi murna, har na tashi tsaye ni kaɗai a gindin bedi. Sai idona ya sauka a layi na goma sha ɗaya. Wadda take ta goma a jerin farko ta sauka da mataki ɗaya. 'Yar Rimaye ce, ita ce mai share aji ba a sa ta ba. Gurabe goma ne, babu na sha ɗaya. Ba ta taɓa sanin ta yi mako guda a cikin goma ba, don ba a liƙa jerin farko ba. Ni na sani. Daga baya Kawu ya ce ya ji tana zaune wurin goggonta a cikin Kankia tana zuwa makarantar jeka-ka-dawo. Ban taɓa ganinta ba, amma har yau in na ga yarinya da tsintsiya a bakin aji sai na ɗan tsaya.

Ranar tafiyar 'yan matan goma makaranta na je tasha don in mayar da littattafan nan uku. An yi hayar bas guda, an ɗaure akwatuna da bokitai a sama. Tsohuwar ta zo, ta riƙe hannun jikarta tana kuka tana cewa wa zai riƙa ba ta tuwo mai gudaji. Malamar ma ta zo, amma tana can gefe wurin wata yarinya daga wani ƙauyen daban, tana gyara mata hijabi, tana yi mata nasiha a kan ta riƙe salla, ta riƙa cin abinci ko ba daɗi, in zazzaɓi ya kama ta kada ta ɓoye. Da ƙarfi take maganar, fiye da yadda ake bukata ga wadda ke tsaye a gabanta. Ɗiyarta tana bakin ƙofar bas, ta sunkuyar da kai, tana ji.

Na miƙa wa malamar littattafan. Ta karɓa da hannu biyu, ta sa a cikin mayafi, ta ce, "An gode." Da bas ta tashi, kowa yana ɗaga hannu, ita tana kallon wani mai sayar da rake.

Da na koma gida na tarar da Inna tana tankaɗe. Na cire takalmi na zauna a bakin tabarma. Ba ta ɗago ba.

"Yarinyar nan ta samu?"

"Ta samu, Inna. Yanzu suka tafi."

"To."

Ta ci gaba da tankaɗenta. A ɗakin Inna, ƙarƙashin gado, akwai wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo da ba ta buɗewa in muna nan. Tun muna yara muke cewa kayan aurenta ne a ciki. Da yammar nan na shiga ɗauko mata tsintsiya, na tsaya ina kallonsa. Makullin yana rataye a ƙusa, inda ya saba zama. Na ɗauki tsintsiyar na fito.